Lamba Biyar a Wayar Baba

'Yan'uwa, yau sai kun yi haƙuri da ni, hannuna ne kawai yake wannan rubutu, zuciyar tana can wani wuri. Masu turo min saƙo cewa "ki manta da shi kawai," na gani, na kuma gode. Da a ce mantuwa yadi ce, da tuni na yanka na ɗinka wa kaina doguwar riga har ƙasa, tunda ɗinki ne sana'ata. Ku dai tsaya ku ji abin da ya faru jiya da hantsi, in kun gama wanda ya ga dama ya zage ni.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni da Babana ne kaɗai a gidanmu. Mamata ta rasu ina 'yar makaranta, Yayana yana aiki a wani gari mai nisa shi da iyalinsa, sai dai a gaisa a waya. Idon Baba ya daɗe yana ja da baya, likita ya ce hawan jinin ido ne, har ta kai yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Kekena na ɗinki yana falo jikin taga, kujerar Baba tana baranda, labule ne kawai tsakaninmu. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata.

Shi kuwa wanda ake ta cewa in manta, a shagon tabarau da ke kallon asibitin ido muka haɗu. Dogo ne, mai sanyin murya, kullum cikin farar riga mai karin guga. Mun je a gyara ƙafar gilashin Baba da ta karye, gilashin da ba ya ƙara masa ganin komai, amma ya ce in bai sa ba ji yake kamar ya fita ba takalmi. Saurayin ya gyara, ya durƙusa ya sa masa da hannunsa, ya ce, "Baba, bai matse ka a bayan kunne ba ko?" Ni da nake tsaye rungume da jaka, a nan na faɗa tarkon sonsa. Baba ne ya raɗa masa Mai Tabarau, sunan kuma ya bi shi har cikin gidanmu.

Shi ya kawo wayar da zan ba ku labarinta. Baba ya sha wahala da wayar hannu irin ta shafa, zai nemi Yaya sai ya kira mai gyaran famfo, su yi ta gaisawa kowa yana jiran ɗan'uwansa ya faɗi abin da ya kawo shi. Rannan da yamma sai ga Mai Tabarau da kwali a hammata. Wayar gida ce amma marar igiya, baƙa, mai manyan madannai da ake jin su a yatsa, tana da ɗan mazauninta a kan tebur inda ake zaunar da ita ta yi caji. Kana iya ɗaukarta ka zagaya gidan duka har bakin ƙofa ba ta yanke ba. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gaban Baba, ya kamo hannunsa.

"Baba, kawo babban yatsanka. Ka ji wani ɗan ƙurji a tsakiya?"

"Na ji shi. Ashe ita ma wayar tana ƙuraje?"

"Wannan biyar ke nan. Daga ita za ka dinga lalubo sauran. In ka danne lamba ka ɗan riƙe ta, wayar za ta kira da kanta, ba sai ka haddace lambar kowa ba."

Ya sa ni a ɗaya, Yaya a biyu, Gwaggo ƙanwar Baba a uku, asibiti a huɗu. Baba yana bin madannan da yatsa yana maimaitawa kamar ɗan makaranta.

"To ita mai ƙurjin fa, ta wa ce?"

"Tawa ce, Baba. Inda yatsanka zai fara sauka."

Na harare shi daga bakin ƙofar kicin na ce, "Kai, amma akwai son kai! Ni 'yar gida an tura ni lungu, baƙo ya zo ya baje a tsakar gida."

Ya ɗago ya kalle ni ta saman gilashinsa ya ce, "Baƙuntar ai ta kusa ƙarewa."

Na koma kicin da gudu, har na kusa zuba gishiri a shayi.

Sannan ya zaro abin kunne, irin mai zagaye kai da ɗan makirfo da ke lanƙwasowa gefen baki, ya soka igiyarsa a jikin wayar. Hannun Baba yana rawa in ya daɗe riƙe da abu, to da wannan sai ya kifa wayar a kan ɗan teburin gefensa, ya yi ta hira hannunsa na kan kofin shayi. Baba ya shafa abin a kansa ya yi dariya ya ce, "Yau ga tsoho da linzami." Daga ranar sunansa linzami. Kullum hantsi in an gama karyawa sai in ji, "Uwata, zo ki ɗaura min linzami," ya danna biyar, su yi ta hirar ƙwallo da labarin duniya, ni ina taka keke ina murmushi ni kaɗai. Muryar Baba kawai nake ji, ta wancan ɓangaren tana cikin linzami.

Har Mai Tabarau ya ce zai turo manyansa su ga Baba. Na fara ware yadin labulen ɗakina, kun ji shirme.

Sai wata safiya, ina tsaka da yanka hannun rigar wata mata, wayata ta yi ƙara.

*Ki yafe min. A gida an ƙi. Ban san yadda zan yi miki bayani ba. Don Allah kada ki neme ni.*

Na karanta, na sake karantawa, na ajiye almakashi don kada in yanke yatsana. Na kira. Ya fara shiga, ko rabin ƙara bai yi ba, ƙit, ya yanke. Na sake, ƙit. Hotonsa ya ɓace daga saman hirarmu, saƙonnina suka tsaya da alama ɗaya tilo. Na yafa mayafi a kan rigar aiki, zare duk a jikina, na je shagon. Wata yarinya mai jan baki ta ce min an mayar da shi wani reshen, ba ta san wanne ba. Ta sani, idonta ya nuna.

Na dawo ban ce wa Baba komai ba. Me zan ce? Mutumin da yake kira ɗana, wanda yake yanke masa farce ranar hutu? Likita kuma ya ja min kunne cewa a guji ɓacin ransa. Na ce a bar kaza cikin gashinta.

Washegari da hantsi Baba ya ce, "Uwata, linzami." Na ɗaura masa, na gudu bayan labule na zauna. Na ji ya ce, "Ɗana, ka tashi lafiya?" Sai shiru mai tsawo. Sai "To." Sai "To, na ji." Can ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya ajiye.

"Baba, yau hirar ba tsawo?"

"Yana da mutane a shago."

Amma kwana ɗaya tsakani hira ta dawo sabuwa. Dariya, musu a kan ƙwallo, "A'a ɗana, wannan mai tsaron gidan ai gara ni da ba na gani." In ya gama ya cire linzami ya ce, "Yana gaishe ki." Wani lokacin, "Ya ce aiki ne ya sha masa kai."

To ku gaya min tsakani da Allah, wace mace ce ba za ta yi tunanin da na yi ba? Ya toshe ni, amma yana ɗaukar wayar Babana kullum. Ashe bai tafi ba. Uwarsa ce ta tsaya masa a wuya, yana lallaɓa ta, ya toshe ni ne don kada muryata ta karya masa zuciya. Na tsara labarin tsaf a kaina, na yi masa aljihu da maɓalli. Na tsani tsohuwar nan da ban taɓa gani ba, har kama na zana mata. Sau da yawa in zan zaunar da wayar a mazauninta yatsana yakan je kan ƙurjin nan ya tsaya, sai in janye. Ya ce kada in neme shi. Ina tsoron in ya ji muryata ta layin Baba ya toshe wannan ma, in tsinke zare ɗayan da ya rage min da hannuna.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo. Wanda bai san Gwaggo ba, gajeriya ce mai jiki, ƙamshin turarenta yana riga ta shigowa, muryarta kuma tana riga turaren. Tana sanye da shuɗiyar doguwar riga mai duwatsu a wuya, wadda ni na ɗinka mata ta ce na matse ta, alhali ita ce ta ƙi tsayawa inda na auna ta. Ta gaida Baba, ta yar da mayafinta a kan kekena, ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa.

"Ke, dube ni nan. Wannan ƙashin wuyan na mene ne?"

"Aiki ne, Gwaggo."

"Ni za ki yi wa ɓoye-ɓoye? Labarin zuciya a tambayi fuska. Ina dogon naki? Yaushe rabon da a ga farar rigarsa a layin nan?"

Na sunkuyar da kai ina cire zare daga siket ɗina. "Kullum suna waya da Baba."

"Babanki zai aura?"

Ta zauna a bakin gado har ya yi ƙara, ta kawo maganar Mai Tayil.

Mai Tayil maƙwabcin Gwaggo ne, yana da shagon tayil a bakin titi. Saurayi ne mai kunya, in ya gan ni sai ya yi ta juya agogon hannunsa kamar agogon ya yi masa laifi. Bai iya zance ba. Saƙo ɗaya ya taɓa turo min a duniya, *Barka da yini ya jikin Baba*, shi ke nan. Amma Gwaggo ta ce da ya fara gininsa, da bakinsa ya ce wa magina su fitar da ɗaki guda a ƙasa, babu matakala ko ɗaya, su sa ƙarfen dafawa a banɗaki. Ba wanda ya roƙe shi. Wallahi ban ƙi shi ba, ina ganin girmansa. Zuciya ce dai ba a yi mata dole.

"Yaron nan ya jira ki har ya ba ni tausayi," in ji Gwaggo. "'Yan gidansu sun samo masa wata. Ya roƙa a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen makon nan ya ji ta bakinki. In e, e. In a'a, ya je ya amsa musu. Ba mai tilasta ki, amma gaskiya ɗaya ce 'yar nan, son maso wani ƙoshin wahala. Kada ki ga hadari ki zubar da ruwan tulunki."

Da za ta tafi ta tsaya a baranda ta maimaita wa Baba komai, da ƙarfi, kamar kunnensa ne ya samu matsala. Baba ya ce, "Zaɓi nata ne." Bayan ta fita ya juyo wajen da yake jin motsina ya ce, "Uwata, kada ki yi gaggawa. Ki bari mu zauna mu yi shawara kafin ki ba ta amsa." Na ce to. A raina na ce ai na san shawarar, Baba yana bayan ɗansa.

Makon nan ban san me na ɗinka ba. Na haɗa wa wata mata hannun riga a juye, na farke, na sake haɗa shi a juye. In na tuna ɗakin nan na ƙasa marar matakala sai jikina ya yi sanyi. In hantsi ya yi na ji dariyar Baba sai in ce a'a, mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Jiya ke nan. Na tashi da ciwon kai, na sa tsohuwar rigata ruwan toka mai aljihu biyu, na ɗaure kai da ɗankwali ko madubi ban duba ba. Na ba Baba shayi da burodi, na ɗaura masa linzami, na koma kan keke. Ban taka ba, kunne na kasa. Sai na ji muryarsa a hankali, ba wasa a ciki.

"Haƙuri za ka yi, ɗana. Lamarin iyaye sai a hankali. Komai lokaci ne."

Kun ji ko? Yana fama da su a kaina! Yana kai kukansa wajen Babana! Ni kuma ina nan ina auna ɗakin wani. Kunya ta kama ni, farin ciki ya kama ni. Na jawo wayata na rubuta tun kafin in huce:

*Gwaggo ina kwana. Don Allah ki ba Mai Tayil haƙuri, ki yi masa godiya sosai. Ina da wanda nake jira.*

Na tura. Na ji kamar an sauke min dutse daga ka.

Akwai wata riga ruwan madara da nake ɗinka wa Baba, saura hannu. Na ɗauke ta da tef ɗin awo na ɗaga labule. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsawon hannun Baba ko a barci aka tashe ni zan faɗa. So nake in matsa kusa da kunnensa, ko Allah zai sa in tsinci ɗan sautin muryar nan ta gefen linzami. Tun ranar saƙon ban taɓa kusantar Baba yana waya ba, jiya ce ta farko.

Na taɓa kafaɗarsa na yi raɗa, "Baba, miƙo hannu in gwada." Ya ɗan firgita, ya miƙo, ya ci gaba da magana. Na durƙusa, na ja tef daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, na kara kaina kusa da nasa. Ban ji komai ba. Na ƙara matsawa, na juyo da tef ɗin, sai ƙarfen bakinsa ya maƙale igiyar linzami. Na ja ba tare da na lura ba. Igiyar ta zare daga jikin wayar, ta faɗo tana lilo a gefen kujera.

Na buɗe baki zan ce Baba yi haƙuri na katse muku.

"Ai na gaya maka," in ji Baba, yana dariya. "Ƙungiyar nan taku sai addu'a."

Na kalli igiyar. Na kalli bakinsa.

"Haka ne. Haka ne, ɗana." Ya yi shiru yana gyaɗa kai kamar mai sauraro. "A'a, tana nan lafiya. Ga ta ma tana gwada min riga."

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan tebur ba. Na ɗago wayar daga kifen da take. Fuskarta ba kira, ba suna, agogo ne kawai. Na kara a kunne, shiru. Na sa yatsa a kan ƙurjin na danne na riƙe. Madannin ya yi 'yar ƙara, ɗit. Ya fara shiga, ko rabin ƙara bai yi ba, ƙit.

Na san wannan ƙit ɗin. Na fi kowa saninsa a duniya.

Baba ya tsaya a tsakiyar kalma, ya ji ƙarar madannin. Hannunsa ya tashi a hankali ya kama igiyar daga gefen kunne, ya bi ta yana lalube, yana sauka, har ya kai ƙarshenta ya riƙe ɗan ƙarfen tsakanin yatsu biyu. A waje wani yana ta danna hon.

"Uwata."

"Baba, da wa kake magana?"

Ya cire linzamin ya ɗora a cinya. Ban taɓa ganin Babana ya tsufa irin na lokacin ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Ranar nan da na ce miki yana da mutane a shago. Ita ce maganarmu ta ƙarshe."

Na zauna daɓas a ƙasa, rigar ruwan madara a cinyata. "Gaisuwar fa? Aikin da ya sha masa kai fa? Lamarin iyaye sai a hankali fa, yanzun nan?"

"Duk ni ne."

"Don me? Baba, don me za ka yi min haka?" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai jiya, Allah ya yafe min.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ranar da kika fita da gudu kika dawo, na ji ki. Keken da ba yadi a bakinsa kukansa daban ne, Uwata. Yini kika yi kina taka shi don kada in ji naki kukan. Abinci ma ba ki ci ba. Washegari na kira shi ya gaya min. Kashegarin wannan na sake dannawa, ya yanke. Na ɗaga hannu zan cire linzami sai na ji kekenki ya tsaya, na san ni kike saurare. Kawai sai bakina ya ce, ɗana ka tashi lafiya." Ya shafa linzamin da ke cinyarsa. "Ranar kin ci abinci. Na ji ƙarar cokalinki."

Gaskiya ne, na ci. Har ƙari na yi.

"Kullum sai in ce yau zan gaya mata. In na ji kina 'yar waƙa a kan keke sai in ce gobe."

Na share fuska da ɗankwali na ce, "Me ya ce maka? Ni bai gaya min komai ba. A gida an ƙi, shi ke nan."

Baba ya cire gilashinsa, ya riƙe shi a hannu yana shafa ƙafar nan da aka gyara.

"Idona ne. Ya ce ciwon ana gadonsa, yakan bi 'ya'ya da jikoki."

"Uwarsa ce! Na san ita ce ta..."

"Uwata, tsohuwa tana zaune a ɗakinta, ina ta san hawan jinin ido? Na tambaye shi wa ya gaya mata. Da ƙyar ya ce shi ne. Ya ce kullum yana ganin masu irinsa ana jawo musu hannu zuwa shagonsu. Ya auna zuciyarsa ya ga ba zai iya ba."

"Amma likita ya ce in an gano da wuri ana tare shi! A gabansa aka faɗa, shi ya riƙe maka sanda ranar!"

"Ya sani. Sani daban, tsoro daban."

'Yan'uwa, na so in yi ihu. Duk tsinuwar da na yi wa baiwar Allah a zuciyata, ashe ba ruwanta. Shi ne. Mai sanyin murya, mai durƙusawa. Ya kalli idon Babana ya kalli nawa ya yi lissafinsa, sannan ya laɓe a bayan uwarsa. Ciwon da na ji ranar saƙo wasa ne a kan na jiya, don ranar ina da wanda zan tsana in bar shi da tsarkinsa.

"Ni na jawo miki," in ji Baba. "Da ciwon ƙafa ne da tuni..."

"Kada ka ƙarasa, Baba. Don girman Allah kada ka ƙarasa."

Na rarrafa na kifa kaina a gwiwarsa, na yi kukan da ban yi a gabansa ba tun rasuwar Mama. Ya ɗora hannu a kaina yana bubbugawa a hankali.

Can ya ce, "Bari in cika miki gaskiyar. Ba don ke kaɗai ba ne. Kullum sai na danna da gaske, in ce ko yau zai ɗauka. Ni ma fa na saba da yaron nan. Tsohon da ba ya gani, masu zama su yi musu da shi a kan ƙwallo ba su da yawa."

Wannan ta fi komai karya ni. Ina ta kukan an yaudare ni, ban taɓa tsayawa na ce shi ma Baba an yar da shi ba. Kullum yana fara yininsa da ƙit ɗin nan a cikin kunne, shi kaɗai, sannan ya yi dariya don ni.

Ya lalubo wayar ya miƙo min. "Ke kika iya. Cire shi daga biyar."

Na shiga inda ake ajiye lambobin, hawaye yana ɗiga a kan madannai. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna. Wurin ya koma fanko.

"Na cire."

"To gobe da hantsi wa zan kira?"

"Ni, Baba. Ɗaya."

"Ke da kike bayan labule? Asarar caji."

Na yi dariya cikin kuka, shi ma ya ɗan yi. Ya mayar da gilashinsa, ya gyara zama, ya share gefen ido da bayan hannu. Sai ya kamo hannuna da nasa biyu.

"Dama niyyata yau da yamma in zaunar da ke in gaya miki komai, shi ya sa na ce ki jira mu yi shawara. Yaron nan na wajen Gwaggonki, na sa an bincika min shi. An gaya masa maganar idona tun farko, ya ce ya sani, ai shi ya sa ya yi ɗakin a ƙasa. Ba na ce ki so shi yau ba. Ki dai ba shi dama ya zo ku gaisa." Ya matse hannuna. "Ba ki dai ba Gwaggonki amsa ba tukuna, ko?"

Kafin in buɗe baki wayata ta girgiza a aljihun rigata. Na zare hannu ɗaya na ciro ta.

*Na gani. Yana nan gidana ma ya zo duba min tayil ɗin kicin, na gaya masa. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya kira babansa a gabana ya amsa musu. Ke kika sani.*

Rubutun ya yi ta rawa a idona.

"Na ji wayarki," in ji Baba. "Wane ne?"

Na kalli fuskarsa, ya ɗan karkato da kai yana jira. In na faɗa, zai tambaye ni me ya sa na yi gaggawa, kuma amsar muryarsa ce ta ɗazu. Na haɗiye kukan, na gyara murya yadda na ga ya yi ta yi.

"Wata da ta kawo ɗinki ce, Baba. Rigarta take tambaya."

Ya sauke ajiyar zuciya mai nauyi, fuskarsa ta saki.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Ashe ban makara ba."